Idon da ba ya juya wuya

Ranar 9 ga watan Janairu na 2020, mahara bisa babura da motoci suka auka wa barikin soja na Cinagodar, arewa da Filinge, kusa da iyakar Mali, inda sojoji 89 suka rasu. Wata guda kafin nan, an rasa 71 a Inates. Dajin yana da faɗi, sojan gadi kuwa ba ya ganin abin da dare da ƙurar hunturu suka lulluɓe.

A nan ne na'urar rada take da amfani. Tana aika igiyar radiyo, igiyar ta bugi mota ko jirgi ta komo, sai a san nisansa da saurinsa. Tsohuwar rada faranti ce babba wadda inji ke juyawa. Tana da tsada, rairayi kuma yana cin injin. Sabuwar kuwa allo ce mai ɗauke da ɗaruruwan ƙananan eriya a jere. Kowace eriya tana sakin igiyarta da ɗan jinkiri bayan maƙwabciyarta, sai igiyoyin su haɗu su karkata inda ake so. Da haka allon ke duban gabas da yamma cikin ƙiftawar ido ba tare da ya motsa ba.

A da sai manyan ƙasashe ke iya sayen irin wannan. Yanzu kuɗinta ya sauka, domin ƙananan kayan cikinta dangin waɗanda ake ƙerawa barjat ne saboda wayar salula da motoci. Farantin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a 2025, da wannan dabara yake bin tauraron ɗan Adam.

Saboda haka ya kamata hukuma ta fifita ƙananan rada masu yawa, daga Filinge zuwa Abala da Banibangu, bisa babba guda a Yamai. Amma akwai sharaɗi biyu. Na farko, zanen aro ba ya rufe katara: sojojin Faransa sun tafi a 2023, na Amurka a 2024. Tilas a horar da 'yan ƙasa a jami'ar Abdu Mumuni da makarantar EMIG, su iya kafa na'urar da gyaranta.

Na biyu, rada ba ta bambanta babur ɗin mahari da na mai zuwa kasuwar Lahadi ta Filinge. Wannan sani yana wurin hakimai, makiyaya da manoman Kurfai. In ba a riƙe amanarsu ba, na'urar za ta ga motsi, amma ba za ta san ko na wane ne ba.