Wa Ya Ce Baƙa Ba Ta Da Kyau?

 Yau maganar shafe-shafe na zo da ita, wato bilicin, don abin ya wuce a yi shiru.

Duk wadda ke shiga kasuwannin Kakuri da Sabon Tasha ta san yadda 'yan mata ke dafifi wurin masu haɗin mai. A juye wannan kwalba cikin waccan, ba suna ba lamba, yarinya ta miƙa kuɗin da aka ba ta na makaranta ta karɓa.

Amma ni ba yarinyar nake fara ɗora wa laifi ba. Kafin ta san hanyar kasuwa, me kunnenta ya sha ji? A gida a ce mata baƙa kamar bayan tukunya, ƙanwarta fara kuwa a ce wannan ba za ta yi kwantai ba. Samari na ta kirarin farar mace alkyabbar mata, wani har cewa yake in dai fara ce ko mayya ce a kawo. Littattafanmu na soyayya fa? Tauraruwa kullum fara ce sol, gashi har gadon baya kamar 'yar Indiya, baƙa kuwa 'yar aiki ce ko muguwar kishiya. To yaya yarinya ba za ta tsani madubi ba?

Ba ƙaramar magana ba ce. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da kayan ƙara hasken fata. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya.

Ga abin da mai sayarwa ba zai gaya miki ba. Baƙin fatarki wani sinadari ne, melanin, shi ke tare miki zafin rana. Haidirokwinon da ke cikin man yana hana jiki yin sa, in an daɗe kumatu su ƙone su yi baƙin da ba ya fita. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri, nanƙarwa ta feso, ciwo ya ƙi warkewa da wuri. Makuri kuwa ƙoda yake taɓawa, har jaririn da ke ciki bai tsira ba. Ƙarshenta wanda aka yi dominsa shi zai fara yi miki dariyar fuska Fanta, ƙafa Coke.

Wadda ta riga ta fara, kada kunya ta hana ki zuwa asibiti ki ga likitan fata, ki tafi da kwalbar a hannu. Kada ki nemi wani haɗin don ya gyara ɓarnar na farko. Wadda ba ta fara ba, sabulun salo da man kaɗanya sun ishe ki.

Ku kuma 'yan makarantar Queen Amina da ke Kakuri, ku duba sunan da kuke ɗauke da shi. Ɗaruruwan shekaru ana ambaton Sarauniya Amina ta Zazzau da jarumta da ganuwa, ba wanda ke tambayar fara ce ko baƙa. Iyaye mata, don Allah a gyara baki, a riƙa yaba baƙar 'ya a gaban idonta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.