Zauren Da Muka Rushe

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa na cikin birni, a Kano ko Zariya ko Katsina, ya san amfanin zaure. Maigida idan ya taso daga kasuwa ko gona ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye. Yakan tsaya a zaure ya tuɓe takalmi, a miƙo masa ruwa a moɗa, maƙwabci ya leƙo a gaisa, a taɓa hira har a kira Magariba. Kafin ya yi wa iyalinsa sallama ƙurar yini ta kwanta, ta jiki da ta zuciya. Maginan dauri sun fahimci cewa tsakanin wurin nema da wurin kwana ana bukatar inda mutum zai sauke kayan da ya ɗauko.

Yau yawancinmu a ɗaki biyu da falo muke, daga titi sai tsakiyar iyali. Wani abokina ma'aikacin ofis ya ba ni labarin ranar da ya shigo gida bayan Isha'i, waya a kunne, yana ta sa-in-sa da wani kan aikin gobe. Da ya ajiye wayar sai 'yarsa mai shekara shida ta ce, "Baba, laifin me muka yi maka kullum?" Ya ce bai runtsa ba a daren nan. Yarinyar ba ta san shugabansa na ofis ba, ba ta san cunkoson hanya ba. Fuskar da ya shigo da ita kawai ta sani.

Abin da ke faruwa a jikin irin wannan bawan Allah sananne ne ga likitoci. Idan mutum ya shiga matsi, jiki yakan saki sinadaran adiranalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, sukari ya yawaita a cikin jini. Shiri ne na tsira daga haɗari na ɗan lokaci. Matsalar ita ce haɗarinmu na yau ba ya wucewa: bashi, kuɗin makaranta, jarrabawa, saƙon da ke shigowa ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Jikin da bai samu labarin cewa yini ya ƙare ba yakan kwana a tsaye, kuma idan abin ya daɗe yana taimaka wa rashin barci da hawan jini. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ƙarfi saboda matsin aiki a matsayin lamarin da ya cancanci a kula da shi. Mu kuwa tun tuni muka ce jiki magayi.

Shawarata ita ce, tunda mun rasa zaure a gini, mu gina shi a lokaci. Minti talatin tsakanin tashi daga aiki da shiga harkar iyali sun isa, muddin an san abin da za a yi da su.

Da farko mutum ya tantance irin gajiyarsa. Ɗan dako a Kantin Kwari da mai tuƙa Adaidaita Sahu jikinsu ne ya jigata. Ruwan wanka, abinci da miƙe baya suke bukata. Amma malamin makaranta, ma'aikacin banki da ɗalibin da ya yini a kan littafi, ƙwaƙwalwarsu ce ta gaji, jikin kuwa bai motsa ba. Irin waɗannan kwanciya ba ta warkar da su, sai dai su yi ta juyi. Tattaki ne maganinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin awa sau biyar. Sauka daga mota kafin a kai layin gida, a ƙarasa a ƙafa, ya biya wani ɓangare na wannan bukata ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Na biyu, numfashi. A zauna, a ja iska a hankali ta hanci, a sake ta a hankali fiye da yadda aka ja ta, na tsawon minti biyar. Fitar da numfashi a tsanake yana rage bugun zuciya. Mai zama bayan salla yana lazimi cikin natsuwa ya san daɗin wannan, ko da bai san sunansa a likitance ba.

Na uku, hira da mutum ido da ido. Majalisar unguwa tana da nata aibin, amma wanda ya zauna aka buga dara, aka yi dariya, ya faɗi damuwarsa aka ce masa "ai ba kai kaɗai ba ne", ya tashi da sauƙin da Facebook da TikTok ba sa bayarwa. Awa biyu ana shafa waya kashe lokaci ne kawai: ido na kan haske, zuciya na karɓar labarin tashin hankali, barci na ja da baya. Baligi na bukatar barcin aƙalla awa bakwai. A kuma tuna goro da shayi da kofi suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda rabinsa kan daɗe kimanin awa biyar a jiki. Goron bayan Isha'i bashi ne da za a biya da tsakar dare.

Akwai kuma hutun ƙarya, wanda ake saye a kwalba ko a ƙwaya. Mun ga inda ya kai matasanmu, har gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Abin da ya gusar da hankali bai sauke nauyi ba, ya dai jinkirta shi ya ƙara masa riba. Wanda kuwa ya yi makonni ba barci, ko ƙunci ya hana shi jin daɗin komai, asibiti ya kamata ya nufa, kuma babu abin kunya a ciki.

Ba zan rufe ba sai na tuna wadda ba ta taɓa samun zaure ba, ko a gidan dauri. Uwargida ba ta da lokacin tashi daga aiki. Wadda ke koyarwa ko jinya takan dawo ta ɗora tukunya kafin ta cire mayafi. Maigidan da ya karanta wannan ya nemi rabin awarsa, to ya ba ta nata: ya karɓi yaran, ya bar ta ta yi wanka ta zauna shiru.

Yau da yamma, mai karatu, idan ka iso ƙofar gida, dakata kaɗan kafin ka yi sallama. Kashe wayar, ja numfashi, ka bar kasuwa a waje. Za ka same ta gobe inda ka bar ta.