Gargaɗi ga Malamai da Almajirai a kan Batirin Tabar Lantarki da Masu Algus a Cikinsa

Da sunan Allah nake farawa, gare Shi nake neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amma bayan haka, wannan takarda ce daga gare ni zuwa ga malaman Malam Madori da almajiransu, da na sauran garuruwan ƙasar Haɗejiya. Allah Ya sa mu dace.

Ku sani, ya 'yan'uwa, wata taba ta shigo mana wadda ba a kunna ta da ashana. Samari suna kiranta shisha ta aljihu, wasu suna cewa sigarin lantarki. Wani mai harhaɗa magunguna na ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera ta a shekarar 2003. A cikinta akwai wani siririn zare na ƙarfe da ruwa mai nikotin, batir ne yake gasa zaren, ruwan ya zama tururi, a zuƙa. Ni ban yarda da shanta ba, ina kuma hana wanda ya ji maganata. Amma na ga malamanmu sun tsaya a kan hukuncin hayaƙi, sun bar maganar wuta. Saɓani a kan taba tsoho ne: Ahmadu Baba na Tambutu ya yi fatawar halaccinta tun farkon ƙarni na 17, Shaihu Ibrahimu Laƙani na Masar ya hana. Ƙona ɗan Adam kuwa da ha'inci a ciniki, babu malami biyu da suka saɓa a kan haramcinsu. Me ya sa muka riƙe abin saɓani da ƙarfi, muka saki abin da aka haɗu a kansa?

In wani ya ce, wanda ya sha ya ƙone, shi ya jawo wa kansa, sai in ce masa: wuta ba ta tambayar wane ne mai laifi. Batirin da ke cikin wannan taba, shi ne dai a cikin tocilar da almajirinka yake duba allo da ita da dare, shi ne a fankar caji da fitilar hasken rana da ma'ajiyar cajin waya. Dā almajirai suna karatu a gaban wutar kara, kowa yana ganinta yana tsoronta. Yau wutar tana kwance a cikin gafaka, a ɗakin zana, kusa da yara ashirin masu barci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Fasali a kan sifar batirin. Sunan sinadarinsa litiyom, kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da irinsa a 1991. Wanda ya fi yawa a hannun mutane ana ce masa 18650, don kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. A cikin gwangwaninsa an naɗe faifai biyu kamar tabarma, da wata 'yar fata mai ƙarancin kauri a tsakaninsu, da ruwa mai kama wuta. Muddin fatar nan tana raba su, lafiya lau. In ta huje, ko zafi ya narkar da ita, sai faifan su haɗu, zafi ya haifi zafi, cikin ƙiftawar ido gwangwani ya yi aman wuta. In yana cikin bututun ƙarfe irin na tabar lantarki, bututun yakan fashe ko ya harba kamar harsashi, ga shi kuwa a bakin mutum yake ko a aljihunsa. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙirga fashewa da gobara 195 na wannan taba daga 2009 zuwa 2016, mutum 133 suka ji rauni, 38 daga cikinsu rauni mai tsanani. A 2018 ta kashe wani mutum a jihar Fulorida, a 2019 ta kashe wani a Tekzas. Ku tambayi alhazai: ba a yarda a sa irin wannan batir a jakar da za ta shiga cikin ɗakin kaya na jirgin sama. Masu jirgi sun san abin da suke tsoro.

Fasali a kan masu algus. Su ne nake nufi da kakkausar magana. Akwai masu tsinto matattun batura daga tsofaffin kwamfutoci, su yi musu sabuwar riga mai ƙyalli, su buga musu lamba ta ƙarya. Ku riƙe wannan ma'auni: batirin 18650 na gaskiya, ko na manyan masu ƙera shi irin su Samsung da LG da Panasonic da Murata, abin da yake ɗauka bai cika wuce 3500 mAh ba. To wanda aka rubuta masa 8800 ko 9900, maƙaryaci ne tun daga rigarsa. Ƙwarya mai cin mudu uku, in an ce maka tana cin tara, kai ma ka san an raina hankalinka. Nauyin na gaskiya yana kusa da giram 45, na jabu sau da yawa ka ɗaga ka ji shi sakayau.

Mai shago zai ce, ni ba ni na ƙera ba, daga Kano na saro. Jawabinsa: kun karanta Risala, kun san babin ciniki ya hana algus da ɓoye aibin kaya, kun san mai saye yana da ikon mayar da kaya in aibi ya bayyana. Wanda ya san kayansa jabu ne ya sayar, ya ci haram. Wanda bai sani ba, yanzu an sanar da shi, uzurinsa ya yanke. Mai saye kuma zai ce, na gasken yana da tsada. Gaskiya ne, talauci ba wasa ba ne. Amma a auna rarar kuɗin da kuɗin jinyar ƙuna, da rumbun da ya cinye, da fuskar yaro da ba ta komawa yadda take. Araha ba ta ado.

Fasali a kan abin da za a kiyaye. Na farko, kowace na'ura da batirin da ya dace da ita. Tabar lantarki mai ƙarfi tana jan wuta da yawa lokaci guda, har amfiya 20 ko fiye, batirin tocila kuwa ba a yi shi don wannan ja ba. In aka tilasta shi sai ya yi zafi. Masu ƙera 18650 da kansu sun yi shela cewa ba su yi shi don a riƙa yawo da shi tsirara ba. Na biyu, a duba rigar batir. Gwangwanin gaba ɗaya ɓangare guda ne na wuta, ɗan kan nan na sama shi ne ɗaya ɓangaren, riga ce kaɗai take raba su. Wanda rigarsa ta yage, ko ya loɓa, ko ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ruwan ambaliya ya shafe shi, a daina aiki da shi. Na uku, kada a sa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko ƙusa ko wuƙar fiƙe alƙalami. A nemo masa ɗan akwatin roba. Na huɗu, cikarsa bolt 4.2 ce, cajar banza ba ta san inda za ta tsaya ba. Kada a bar shi a caji a kwanta barci, kada a ɗora shi kan katifa ko tabarma, in ya cika a zare. Masu sana'ar cajin waya da janareta, amana ce a hannunku. Na biyar, a kiyaye shi daga rana. Kun san bazarar ƙasar nan, zafi yana wuce digiri 40, gaban mota da ƙarƙashin kwano sun fi haka. Na shida, wanda ya mutu kada a jefa shi a juji inda ake cinna wuta, ko a fadama da kogin Haɗejiya inda muke kamun kifi da noman shinkafa, kada kuma a bar yara su fasa shi da dutse. 'Yan ƙananan tabar nan da ake sha a yar, su ma akwai batir a cikinsu. Ingila ta hana sayar da su tun 1 ga Yuni 2025.

In ya fara huci ko hayaƙi, a zare wuta in da hali, a fitar da mutane, kada a shaƙi hayaƙinsa. Wanda ya ƙone a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi kamar minti 20, sa'an nan a kai shi asibiti. Ban da shafa ƙwai ko man goge baki ko toka.

Ina kira ga limamai su faɗi wannan a huɗuba, ga malaman tsangaya su binciki tocilolin almajiransu kamar yadda suke duba allunansu, ga sarkin kasuwa da shugabannin masu sayar da kayan waya su kori mai jabu daga cikinsu. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, hukumar SON kuma aikinta ne tsare ingancin kayan da ke shigowa. Wanda ya ga ɓarna ya kai ƙara. Ga samari kuwa ina cewa: mafi amincin batir shi ne wanda ba ka kai bakinka ba. Ka bar ta, ka huta da nikotin da wuta gaba ɗaya. In ka ƙi ji, to kada ka haɗa wa kanka da maƙwabcinka masifa biyu.

Wanda wannan takarda ta isa hannunsa ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya tsare mu daga wutar duniya da ta lahira, Ya shiryi 'yan kasuwarmu, Ya raya zuriyarmu a kan gaskiya. Amin. Haza wasalam.