Tururuwa Baƙuwa Da Amanar Da Ke Wuyanmu

Wani ɗan'uwa mai sayar da hatsi a Gwangwan, cikin ƙasar Rogo, ya aiko mana da tambaya. Ya ce tururuwa ta dami ɗakin ajiyarsa, shin ya halatta ya kashe ta, alhali ga sura guda a Alƙur'ani mai ɗauke da sunanta?

To, lalle hadisin Ibnu Abbas, wanda Abu Dawuda ya ruwaito, ya sanya tururuwa cikin halittu huɗu da aka hana kashewa. Buhari da Muslim kuma sun kawo labarin wani Annabi da tururuwa guda ta ciza, ya sa aka ƙone gidansu baki ɗaya, har wahayi ya sauko masa a kan haka. Amma mai Risala ya yi rangwame idan ta cutar kuma an rasa yadda za a yi da ita, ko da yake ya fi son a ƙyale ta. Saboda haka ɗan'uwanmu ya fara da shara da toshe ramuka, in ta faskara ya sa magani, ban da wuta.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan nauyi a kanmu, watau ɗauke halitta daga inda Allah Ya ajiye ta a kai ta inda ba ta da mai taka mata birki. A Laikipia ta ƙasar Kenya akwai wata itaciya mai ƙaya wadda tururuwar wurin ke zama a cikinta, tana cizon hancin giwa idan ta zo ci. Sai wata baƙuwar tururuwa mai ƙaton kai ta biyo kayan mutane ta shigo, ta karkashe 'yan gida, ita kuwa ba ta gadin itace. Giwaye suka yi ta karya itatuwa, daji ya yi fili, zaki ya rasa maɓoya. Binciken da aka buga a 2024 ya nuna cewa daga 2003 zuwa 2020, jakunan dawa sun sauka daga kashi 67 zuwa kashi 42 cikin ɗari na abin da zakuna ke kamawa, dole suka koma wa ɓauna. Dubi ikon Allah, ƙwaron da bai kai ƙwayar gero biyu ba ya sauya wa sarkin dawa abinci!

Kada mu ce Kenya da nisa. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, a shekarar kuma aka fara ganin tsutsar masara a Nijeriya. Dukkansu baƙi ne daga nahiyar Amurka.

Allah Ya kafa ma'auni a cikin halittarSa, Ya kuma hana mu ƙetare shi, kamar yadda Suratur Rahman ta karantar. Falken da ya shigo da dashe ko iri ko katako ta ɓarauniyar hanya don gudun bincike, da ma'aikacin da ya karɓi na goro ya buga hatimi bai buɗe buhu ba, su sani ɓarnar da za ta biyo baya tana iya wuce zamaninsu, kuma za a tambaye su. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.