A Gyara Ko A Haƙura? Batun Tsohon Injin Yankan Itace Da Ya Buga

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Madobi da Kura da Bunkure bayan ɗaukewar damina, da wuya ya rasa jin kukan injin yankan itace daga wani lambu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya fara bin magudanai zuwa Kadawa da kewayenta, noman rani ya kankama a yankin. Manomi kan nemi mai inji ya sassabe rassan darbejiyar da ta yi wa fagen alkama inuwa, ko ya tsaga masa tsohon mangwaro ya fitar da katako. Shi kuwa mai injin, wannan ƙarfe shi ne jarinsa. Ranar da ya ja igiya ya ji ta taho sako-sako, ko ta ƙi motsi sam, bakanike ya ce inji ya buga, sai shawara ta rabu biyu: a gyara, ko a nemi wani?

Yawancin mutane da shekarun injin suke yanke hukunci, ko da kuɗin da bakanike ya faɗa a tsaye. Duka biyun kuskure ne. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, me ya kashe shi? Fistin ba ya ƙonewa haka kawai, kuma wanda ya sa sabo bai gano dalili ba, ya sayi wanda zai sake ƙonawa ne.

Dalilin yana cikin ƙirar injin. Irinsa ake kira mai bugu biyu, kamar na tsohuwar Vespa, wato ba shi da ma'ajiyar baƙin mai a gindinsa. Man da aka gauraya da fetur shi kaɗai ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Fistin kuwa yana hawa da sauka fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya, kuma iska ce kawai ke sanyaya shi. Da alminiyam ake yin sa, ƙarfen da ke kumbura sosai in ya ji zafi. Idan mai ya yi ƙaranci ko zafi ya wuce kima, sai ya kumbura ya gogi bangon silinda, ya bar narkakken jikinsa a can, ringi ya maƙale, matsin iska ya tsere. Kamfanin Stihl na Jamus ya ce a zuba kashi 1 na mansa cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita. Mai awo da ido, ko mai zuba man mota da aka riga aka yi aiki da shi, shi ya jawo wa kansa.

Abin sha'awa shi ne, fistin yakan ba da shaida a kan abin da ya same shi. A kwance salansa a leƙa ta ramin hayaƙi. Idan karce ya taru a gefen salansa, zafi ne: ko mai ya gaza, ko an matse kafireta don tsimin fetur, dabarar da ke jan hankali tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, ko kuma robar da ke toshe gefen karanshaf ta tsufa tana shigar da iska ta ɓarauniyar hanya. Idan kuwa gefen kafireta ne ya side ya dusashe, ƙura ce ta wuce matatar iska, abin da ba baƙo ba ne a lokacin hunturu. Akwai kuma gwajin da ko ɗalibi zai iya: a ɗaga injin ta hannun igiyarsa. Mai lafiya zai riƙa sauka da kaɗan-kaɗan yana turjiya, wanda matsinsa ya tafi kuwa sai ya zame ƙasa.

Daga nan ne lissafi zai fito. Idan ɓarnar ta tsaya a fistin da ringi, kuma farce bai kama wani zurfin karce a bangon silinda ba bayan an kankare alminiyam ɗin da ya manne, gyara ya fi. Ko da silindar ma ta tafi, tsohon inji na asali irin su Stihl 070, wanda masu tsaga katako a Afirka ta Yamma suka daɗe da amincewa da shi, ya cancanci a kashe masa kuɗi, domin jikinsa ya fi na sababbin jabu masu kama da shi ƙwari nesa ba kusa ba. Sai dai a je Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari da wanda ya san kaya, don jabun fistin ma yana nan cikin kwali mai kyau. Amma idan aka girgiza karanshaf aka ji yana wasa, boris ya watse, ko gangar jikin injin ta tsage, kuma kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin sabo na asali, haƙuri ya fi. Kada a manta da kwanakin da za a yi babu aiki ana jiran kaya, su ma asara ce.

Akwai abin da ba ya shiga lissafin naira. Yawancin tsofaffin injuna ba su da birkin sarƙa, wato abin da ke tsayar da sarƙa nan take idan bakin zarton ya ci karo ya yi tsalle zuwa fuskar mai aiki. Wanda zai sa yaro ko ɗan koyo ya riƙe injin, wannan kaɗai ya isa ya sa ya nemi mai birki, ko da tsohon zai gyaru.

Wanda aka haƙura da shi kuma, bai kamata a gaggauta miƙa shi ga 'yan gwangwan ba. Kafireta da kwayil da igiyarsa za su yi wa wani injin amfani. Sauran gangar jikin kuwa, malamin kimiyya a wata sakandare ta Madobi zai iya roƙonta, ya buɗe ta a gaban aji, ya miƙa wa ɗalibai ƙonannen fistin su juya shi su faɗi ta wane gefe ɓarnar ta fara.