Lambar P0202 da albashin malamin makaranta

Makon jiya tsohuwar motata ta fara karkarwa a hanyar makaranta, fitilar inji ta kama. Na kai ta wajen wani bakanike a nan Kumasi, ya jona kwamfuta, lamba ta fito: P0202. Ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Malam, injekta ta mutu, kawo kuɗi a sa sabuwa."

A nan nake da ja. Abin da lambar ke faɗa shi ne akwai matsala a layin wutar injektar silinda ta 2. Layin kuwa ya haɗa da waya, da soket, da injektar kanta. Kamata ya yi a duba soket, a auna da mita, ko a musanya injektar da ta silinda ta 3. In lambar ta koma P0203, to injektar ce. In ba ta motsa ba, a bi waya.

Haka wani dattijon bakanike ya yi mini. Ashe ɓera ne ya ci wayar! Ya haɗa, ya naɗe, minti ashirin. Na farkon kuwa har ya fara kiran mai sayar da kayan gyara.