A Daina Fara Ƙagaggen Labari da Jigo

A ajin nazarin adabi mun saba da jeri guda: jigo, zubi da tsari, salo, sannan taurari. Jerin yana da amfani ga mai feɗe littafin da aka riga aka rubuta. Ɓarnar ita ce yadda malamai suke miƙa wa ɗalibi wannan jeri su ce da shi zai gina nasa labarin. Wuƙar fawa daban, kayan gini daban.

Na karanta wasu gajerun labarai da ɗaliban sakandare na Zongon Kwatano suka rubuta da Hausa, na ga illar da idona. Kusan kowa ya fara da zaɓen darasi, ko haƙuri ko illar son abin duniya, sannan ya ƙera mutanen da za su ɗauke masa shi kamar jakunan kai. Ga Alhaji mai bene a Abuja, ga 'yarsa kyakkyawa, ga talaka mai ladabi. Yaron da bai taɓa ƙetare iyakar Seme ba yana siffanta falon da ya gani a fim, alhali a ƙofar gidansu 'yan zemijan masu rawayar riga suna ta kaiwa da komowa, mahaifiyarsa tana ciniki a kasuwar Dantokpa da harshe uku. Duk wannan bai shiga takardarsa ba, domin an sa masa a rai cewa Zongo ba wurin labari ba ne.

Ai kuwa wuri shi ke haifar da zubi. Dubi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Cire hanyar ayarin da ta ratsa hamada, cire cinikin bayi, ka ga abin da zai rage. Uwar da ta bi sawun ɗanta har Murzuƙ hanyar ce ta yanke mata ƙaddara, mai karatu kuma shi ya tsinci jigon da kansa.

Zongo ma tana da tata hanyar. Har zuwa 2023, daga tashar jiragen ruwa manyan motoci kan ɗauki kaya su nufi Malanbil, su haye zuwa Gaya. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. To, ɗauki direba guda wanda ya ci bashin sefa ya yi lodin shinkafa kwana biyu kafin rufewar. Me yake so? Wa ke binsa bashi, kuma a sahu nawa suke haɗuwa a babban masallacin Zongo? Ɗansa zai ci gaba da karatu ne, ko zai hau babur? Amsa waɗannan kaɗai ta ba ka tauraro, ta ba ka rikici da kololuwarsa.

Za a ce ɗalibi yana bukatar jigo don kada ya yi ta surutu ba alkibla. Na yarda yana bukatar linzami, amma bukatar tauraro ita ce linzamin: duk fitowar da ba ta kusantar da direban ga biyan bashinsa ba, ba ta kuma nisantar da shi ba, a soke ta. Jigon kuwa a bari sai an gama rubutun farko, a karanta a ga abin da labarin ya faɗa. Wataƙila ka tarar ba haƙuri ka rubuta a kai ba, kunyar uba ce a gaban ɗansa.